Hannun Mai Agogo

"Wayyo Allah! Ki bari... don Allah ki bari haka!"

Ba ta bari ba.

Ta ƙara tura yatsansa na tsakiya baya a hankali, idonta a kan tabon da ya ratsa tafin hannun, tana jiran fatar ta yi fari-fari, don nan ne iyakar da aikinta ya yarda a tsaya. Gumi ya jiƙa masa wuyan riga sharkaf. Hannunsa mai lafiya ya damƙe ƙarfen gadon kamar zai lanƙwasa shi.

"Saura kaɗan, Mai agogo. Ja numfashi... kalle ni."

"Ba zan kalle ki ba!"

Sai aka banko ƙofar.

"Sake shi! Na ce ki sake min ɗa!"

Mahaifiyarsa ce, mayafi a hannu, takalmi ƙafa ɗaya. Tun daga bencin jira ta jiyo ihunsa.

"Mama, don Allah ki yi haƙuri. Idan na saki yanzu, wahalar da ya sha ta tashi a banza."

"Ke wace irin zuciya gare ki? Mutumin da za ki aura yana kuka kamar yaro, ke kina kallon agogo!"

Gaskiya ne, agogo take kallo. Sai da lokacin ya cika cif sannan ta sassauta, ta mayar da yatsan a hankali. Ya janye hannunsa ya rungume a ƙirji.

Wanda bai san su ba zai rantse maƙiya ne. Alhali agogon nan da Mama ke zagi shi ya haɗa su.

Ita likitar gashi ce, irin masu miƙar da gaɓoɓin da ciwo ya ƙage, kuma mai wannan aiki ba ta rabuwa da agogo, da shi take auna tsawon lokacin da za ta riƙe gaɓa a miƙe. Wata rana nata ya tsaya, ta kai shi wata 'yar rumfar gilashi da ke tsallaken asibitin. Gyaran da bai kai a sha ruwa a ajiye kofi ba, sai da mai rumfar ya ja shi sati da satittika. Yau ya ce batir ne, gobe ya ce ƙura ta shiga, jibi ya ce agogon hutu yake so.

"Malam, wai agogon ne ba shi da lafiya ko kai?"

"Ni ne. Kuma an ce min ke likita ce."

Daga nan ta zama Gajeriya a bakinsa, don ko kafaɗarsa ba ta kai ba, shi kuma ya zama Mai agogo. Takan tsaya a bakin rumfar bayan ta tashi aiki, tana kallon yatsunsa suna ɗaukar notin da bai kai ƙwayar yashi ba, ta ce a ranta ba ta taɓa ganin hannu mai hankali irin wannan ba. Ita da ta wuni tana taɓa hannayen mutane, ta san abin da take faɗa.

Mama dai tun farko ba ta so ba. Ta ce macen da ke wuni tana murza jikin mazan wasu ba matar gida ba ce. Da ƙyar da roƙo ta sauko, aka sa musu rana.

Sai wuta ta shigo tsakani.

Tukunyar mai ce ta kama da wuta a kicin, harshen wutar ya doshi zanin Mama. Shi kuwa bai tsaya neman tsumma ba, ya sa hannunsa na dama ya ɗauke tukunyar ya yi waje da ita. Mama ko ƙwarzane ba ta yi ba. Shi aka shiga da shi tiyata, aka yanko fata daga cinyarsa aka lulluɓe tafin da yatsun.

Ƙuna tana da mugun hali. Tana warkewa tana tsukewa, tabon yana jan yatsu zuwa cikin tafi kullum kaɗan-kaɗan, har hannu ya dunƙule ya ƙi buɗuwa. Maganin ɗaya ne, a riƙa miƙar da su da ƙarfi kullum, sannan a ɗaure su a miƙe cikin wata roba da aka ƙera daidai tafin. Kuma ba a da lokaci mai yawa, da tabon ya nuna ya yi tauri, magana ta ƙare.

Shugabar sashensu, wadda kowa ke kira Anti Babba, ta ja ta gefe tun ranar farko.

"Ki bar min shi. Mutum ba ya gasa nasa."

"Anti, ya ce hannuna kaɗai ya yarda da shi."

"Haka suke cewa. Ko dai hannunki ya yi sanyi ki cuce shi, ko ya yi ƙarfi ya tsane ki. Na ga duka biyun da idona."

Ta yi murmushi ta ce su daban ne. Kowace mai soyayya haka take cewa, kuma ba a taɓa samun wadda ta saurara ba.

Da farko abin ya tafi. Yana ihu, yana tsokanarta in ya huce.

"Gajeriyata, wannan ɗan hannun naki ina yake ɓoye mugunta haka?"

"Bari a yi auren, za ka ga sauran."

Amma raha tana da iyaka, azaba kuwa kullum sabuwa take. Wata safiya bayan hutun ƙarshen mako ta kama hannun, ta duba. Yatsun sun koma ciki. Abin da suka samu da gumi da hawaye duk ya zube.

"Wa ya cire maka robar?"

"Ba kowa."

"Mai agogo, bakinka zai iya ɓoye min, hannunka ba zai iya ba."

Ya kawar da kai.

Da yamma ta je gidan ba tare da ta sanar ba. Tana shiga falo ta ga robar a saman kabad, ta yi ƙura. Shi yana kishingiɗe, hannun a dunƙule a kan wani lallausan filo, gefensa kuma 'yar maƙwabtansu ce zaune da kwano da cokali tana ba shi a baki. Yarinyar nan tun tana ƙarama take shiga gidan, Mama tana kiranta 'yata, kuma ba tun yau take kallon ɗan gidan ta ƙasan ido ba. Tun da aka yi gobarar ba a ganinta sai da filon nan a hammata, har Gajeriya ta sa mata suna Mai filo a ranta.

"Wa ya ce a ba shi a baki? Da hannunsa zai ci, ko zai zubar da rabi!"

"Ayya, Anti likita," in ji Mai filo cikin wata murya kamar ana shafa mai, "Yaya fa ya sha wuya. Robar nan hana shi barci take yi."

"Daɗin da yake ji a dunƙule shi ne yake kashe hannun! Mama, don Allah ki fahimce ni..."

"Na fahimce ki sarai," Mama ta katse ta. "Saboda ni yaron nan ya ƙone. Ni! Kullum na ji ihunsa, ji nake kamar ni nake sake ƙona shi. Ke kuwa ko a jikinki."

Mai filo ta gyara filon, ta sunkuyar da kai kamar mai jin kunya.

"Mu dai ko a dunƙule hannun yake, Yaya Yaya ne. Ba kowa ba ne sai an gyara masa mutum tukuna zai iya zama da shi."



Gajeriya ta dubi Mai agogo, tana jira ya tsawatar. Bai tsawatar ba. Kallonta kawai yake yi, wani irin kallo da ba ta taɓa gani a idonsa ba, ta gane maganar ba yau aka fara zuba masa ita a kunne ba.

Washegari Anti Babba ta duba tabon da kanta, ta matsa, ta girgiza kai.

"Ya fara tauri. In aka ƙara sakaci na 'yan makonni, ko an sake tiyata ba zai ƙara riƙe abin gyaran agogo ba."

Da Anti ta fita, ya zauna a bakin gadon, ya ajiye robar a tsakaninsu.

"Gajeriya, na gaji."

"Na sani, masoyina. Amma..."

"Saurare ni. Na gaji da ihu a gaban mutane. Na gaji da kukan Mama. Abu ɗaya nake so ki faɗa min. In hannun nan ya zauna a haka har abada, za ki aure ni?"

"Ba wannan ce maganar ba."

"Ita ce. In kin ce eh, shi ke nan, na huta. Mu jefar da robar nan mu yi aurenmu, in nemi wata sana'ar. Eh ko a'a?"

Allah Sarki. Ko da hannu biyu ya rasa, da ƙafafun ma, wallahi da gudu za ta aure shi. Amsar tana bakinta, har ta buɗe leɓe.

Sai dai ta san wannan kallon. Ta sha ganinsa a idon majinyata, kallon mai neman wanda zai ba shi izinin sarewa. Ta hango shi nan da shekaru, zaune a ƙofar gida, hannu a cikin aljihu, in ya zo wuce rumfar gilashi sai ya kawar da kai. Ta tuna yadda fuskarsa take haske in mataccen agogo ya motsa a tafinsa. Kalma ɗaya mai daɗi daga bakinta za ta binne wannan duka.

Ta dube shi ido cikin ido.

"A'a."



"Me kika ce?"

"Na ce a'a. Ba zan auri mutumin da ya zubar da hannunsa don tsoron zafi ba."

Ya daɗe yana kallonta. Sannan ya ɗauki robar da hannun hagu, ya miƙo mata na daman.

"To, likita. Bismillah."

Tun daga ranar bai sake ce mata Gajeriya ba.

Kuma tun daga ranar bai sake ihu ba. Tawul yake cusawa a baki, jijiyoyin wuyansa su tashi, hawaye su gangaro ta gefen ido, amma ko uffan. Kafin a buɗe sashen yana bakin ƙofa. In ta ce ya matsa soso sau kaza, sai ya ninka. Robar da kansa yake ɗaurawa, ya kwana da ita, ya tashi da ita.

Abin dariya abin kuka, Mama da Mai filo su ne suka koma masu tsaron robar. Tun da labarin a'ar da ta ce masa ya isa gida, suka ɗaura ɗamarar sai hannun ya miƙe don wadda ta raina shi ta ji kunya. Filo ya koma kan gado, cokali ya koma hannunsa. Abin da roƙon Gajeriya ya kasa, ƙiyayyar da ake mata ta yi shi cikin kwana kaɗan.

Ita kuwa in ya fita sai ta shige ɗan ɗakin da suke ajiye tawul, ta rufe ƙofa, ta toshe bakinta. A nan Anti Babba ta same ta wata rana.

"Ki faɗa masa gaskiya, 'yar nan."

"Zan faɗa, Anti. Bari ya iya ɗaukar maɓalli tukuna. In na faɗa yanzu zai saki jiki."

Ya ɗauki maɓalli. Ta ce bari ya iya ɗaukar allura.

Ya ɗauki allura. Ta ce ɗan ƙaramin yatsan bai gama miƙewa ba, shi ne mai taurin kan cikinsu, bari ya biyo 'yan'uwansa.

Haka aikin ya koya mata, ba a cewa an gama sai an gama, kullum akwai sauran ɗan abin da za a ƙara. Ranar da aka sa ta aurensu ta zo ta wuce, babu wanda ya ɗaga maganar. A ranar ma ya zo gashi, ta shafa masa mai a tabon, ta miƙar da yatsun ɗaya bayan ɗaya, ya ce na gode likita, ya tafi. Ta rame har rigar aikinta ta yi mata yawa, mahaifiyarta tana tambaya tana cewa aiki ne.

Ranar sallama ya shigo da wata 'yar jaka a hannu. Ta gane ta, jakar kayan aikinsa ce.

Ta auna yatsun, ta sa shi ya dunƙule ya buɗe, ya taɓa kowane yatsa da babban. Komai ya cika.

"Agogonki yana latti," ya ce. "Tun watan jiya na lura. Kina riƙe ni fiye da ƙa'ida."

Ta kwance ta miƙa masa. Ya shimfiɗa ɗan ƙyalle a kan teburin, ya maƙala gilashinsa a ido, ya buɗe bayan agogon. Ta tsaya tana kallon yatsun nan masu tabo suna ɗaukar notin da ido ke wuyar gani, ba rawa, ba kuskure. Numfashinta ma a hankali take ja don kada ta dame shi. Ya rufe, ya kara a kunne, sai ga wannan hasken a fuskarsa, wanda ta sayar da komai nata don ya dawo.

Nan ta kasa riƙe kanta.

"Ƙarya na yi maka!"

Ya ɗago.

"Ranar nan... ƙarya na yi, Mai agogo! Wallahi ko babu hannun gaba ɗaya zan aure ka. Na ga za ka sare ne, na rasa abin da zan riƙe ka da shi..."

"Na sani."

Ta tsaya cak, hawaye a haɓarta.

"Ka sani?"

"Ba tun farko ba. Da farko na tsane ki, da tsanar nake kwana da robar nan. Amma ranar da na ɗauki maɓalli, kika juya baya kina gyara labulen da ba abin da ya same shi, na ga kafaɗarki tana rawa. Wadda ba ta so ba ta irin wannan kukan."

"To me ya sa ba ka yi magana ba?"

"Ke nake jira." Muryarsa ta yi ƙasa. "Kullum in na shigo sai in ce yau za ta faɗa. In zauna ina kallon fuskarki, ke kuma kina kallon hannuna. Ranar da aka sa mana ma na zo da wuri, na sa rigar da kike so. Kika ce min ɗan ƙaramin yatsa ya ƙara miƙewa."

Ta tuna rigar. Ta gan ta a ranar, ta kawar da ido don kada zuciyarta ta karye aikin ya lalace.

"Ka yafe min... don Allah, masoyina, ka yafe min. Ga ni yanzu, na faɗa."

Ta miƙa hannu ta kama nasa, ba kamun likita ba, kamun da ta yi wata da watanni tana hana kanta.

Hannun ya fizge da kansa.

Kafin ya ankara ya riga ya kai shi ƙirji ya rungume, kafaɗarsa ta ɗage kamar mai jiran duka. Su duka biyun suka tsaya suna kallon hannun.

"Ba ni ba ne," ya ce, idonsa ya cika. "Wallahi ba ni ba ne, Gajeriya. Jikin ne. Ko takunki na ji a baranda sai tafina ya fara zufa."

Sunan da ta yi ta marmarin ji, sai yau ya dawo, kuma bai zo mata da komai ba.

"Zai wuce," ta ce da sauri. "Irin wannan yana wucewa, a hankali ake sabar da jiki, na san yadda ake yi..."

"Kin ga? Har yanzu gyara kike so ki yi." Ya yi wani murmushi mai ciwo. "An sa min rana da yarinyar nan, 'yar maƙwabtanmu. Na san ba don Allah ta faɗi abin da ta faɗa ba. Amma lokacin da na ɗauka ba ni da kowa, ita na buɗe ido na gani. Na yi mata alkawari a gaban Mama, ba zan karya ba."

 Wa za ta zarga? Anti Babba ta faɗa mata tun ranar farko.

Ya ɗauki agogon. Da can shi yake ɗaura mata da kansa, yana tsokanar siririn wuyan hannunta. Yau sai ya ajiye shi a kan teburin, ya tura mata.

"Kin ba ni hannuna. Har in mutu ba zan manta ba."

"Ka ci gaba da shafa man," ta ji bakinta yana faɗa. "Safe da yamma. Kada ka bar tabon a rana."

"To, likita."

Ya naɗe ƙyallensa, ya rataya jakar, ya fita.

Ta bi shi har bakin baranda, ta tsaya. Ya wuce bencin jira, ya wuce masu sanduna da masu keken guragu, bai waiwayo ba sai da ya kai ƙofar fita. A nan ya tsaya, ya juyo, ya ɗaga mata hannun dama.

Tafin a buɗe, yatsu biyar a ware.

Ko ta cikin hawaye idonta bai bar aikinsa ba, sai da ya bi su ɗaya bayan ɗaya. Har ɗan ƙaramin, mai taurin kan nan, ya miƙe sambal.

Babu sauran abin da za ta gyara.

Ta ɗaga nata hannun, ta riƙe shi a sama har ya ɓace a cikin mutane. Sannan ta koma ciki, ta ɗaura agogonta da kanta, ta wanke fuska, ta leƙa ta kira majinyaci na gaba.